Ka daina zubi, su ba su daina yanka ba: yadda za ka binciki inshorar ajiyarka

A watan Janairun 2025 na shiga ofishin wani kamfanin inshora a Kaduna, riƙe da ambulan ruwan ƙasa da ya kusa shekara shida a ƙasan akwatin uwargida. Tun watan Maris na 2019 nake zuba naira 15,000 duk wata a wani tsarin ajiya mai haɗe da inshorar rai, na shekara goma sha biyar, don karatun 'yata ta fari. Na yi zubi 53 ba fashi, naira 795,000 ke nan. Da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, albashin akawun makaranta irina ya koma kamar gishiri a ruwa. Na lallaɓa na biya Yuni da Yuli, daga nan na je banki na soke umarnin cirar kuɗin, na ce in an samu sarari a ci gaba. Ban gaya wa kamfanin komai ba. A tunanina abin kamar asusun ƙasa ne: in ka daina jefawa, abin da ke ciki yana nan yana jiranka.

Yarinyar da ke kan tebur ta buga mini takardar bayanin asusu. Ranar da na daina zubi akwai naira 648,000 a ciki. Bayan wata goma sha takwas, saura 634,900. Na ce, "'Yata, ko injinku ya yi kuskure? Ni ban cire ko sisi ba." Ta ce, "Baba, ai caji ba ya tsayawa. Yana cikin takardar da ka sa wa hannu." Da gaskiyarta. Yana shafi na tara, da ƙananan haruffan da sai na sa tabarau biyu.

Aikina lissafi ne, shi ya sa abin ya fi yi mini ciwo. Na zauna na warware shi layi-layi, daga baya na taya mutum huɗu a makarantarmu warware nasu. Ga yadda ake yi.

Kafin komai, nemo takardar yarjejeniyar kanta, wadda ejan-ejan ke kira folisi. Ban da ƙasidar talla mai hoton yaro sanye da hular digiri, wannan ba ta ɗaure kowa. In ta ɓata, kamfani zai ba ka kwafi, wani lokaci sai ka kawo takardar rantsuwa daga kotu. Abin da kake nema a ciki shi ne ka gane wace iri ce taka, domin duk ana kiransu "ajiya" a bakin ejan, amma abin da ke faruwa bayan an daina zubi ya sha bamban.

Iri na farko shi ne mai asusu, irin tawa. Kuɗinka na shiga wani asusun da kamfani ke juyawa, ana ƙara riba, ana cire caji. Iri na biyu shi ne tsohon tsari mai alkawarin dunƙule: ka biya kaza na shekara kaza, a ba ka kaza a ƙarshe, ko a ba magada in ta Allah ta kasance kafin lokacin. Na uku shi ne takaful na iyali, wato inshorar Musulunci. Hanya mafi sauƙi ta ganewa: in ana turo maka bayanin "abin da ke asusunka" yana hawa yana sauka, mai asusu ce. In lamba guda ce tak aka rubuta tun ranar farko, ta dunƙule ce.

Bari in daɗe a kan mai asusu, don a nan ne ɓeran yake.

Lokacin da kake zubi, cajin wata-wata na fita daga sabon kuɗin da ka kawo, ba ka jin sa. Da ka tsaya, sai ya juya ya fara cin wanda ke ajiye. A tawa, layi huɗu ne. Akwai kuɗin kula da asusu, wanda ya fara a naira 1,000 a wata, kafin in ankara ya koma 1,500, saboda takardar ta ba su damar sake duba shi duk shekara. Akwai kuɗin lamunin rai, wajen naira 1,050 a wata. Akwai wata ƙarin kariya ta haɗari da rashin lafiya mai tsanani, naira 600, wadda ban ma tuna na amince da ita ba, sai da na ga alamar da aka yi a akwatinta da biron da ba nawa ba. Sai ladan juya kuɗi, kashi 1.5 cikin ɗari na abin da ke asusun a shekara, wato kusan naira 800 a wata. Ka haɗa, naira 3,950 ne. Sau goma sha takwas, 71,100. Ribar da suka ƙara mini a tsawon lokacin naira 58,000 ce. Tsani na hawa, gara na cin ƙafarsa.

Kuɗin lamunin rai shi ne wanda ya kamata ka fahimta sosai, don shi ne mai girma da kansa. An yi wa magadana alkawarin naira 2,700,000 in na rasu. Kamfani ba ya cajin ka a kan dukan wannan. Yana cire abin da ke asusunka, ya caje ka a kan giɓin, don giɓin ne zai fito daga aljihunsa. Nawa giɓin ya ɗan haura miliyan biyu. Farashin kuma yana bin shekaru: na ɗan shekara 46 ya fi na ɗan 40, na ɗan 55 ya fi duka. Mai zubi, asusunsa na cika, giɓi na raguwa, sai ya rage masa zafin tsufa. Wanda ya daina, asusu na raguwa, giɓi na faɗaɗa, shekaru na ƙaruwa. Abu biyu na tura cajin sama lokaci guda. Shi ya sa a farko za ka ga raguwar kaɗan ce, bayan wasu shekaru ta fara gudu. Wanda asusunsa ƙarami ne, misali ya yi zubin shekara biyu kawai ya bari, yana iya dawowa ya tarar da sifili da wasiƙar cewa yarjejeniya ta mutu. "Ta lafs," in ji su.

Akwai wata tambayar da na yi wa kaina da daddare: ina bambancin 795,000 da na zuba da 648,000 ya tafi, tun ma kafin in daina? Amsar tana jadawalin rabon zubi. A shekarar farko naira 9,000 ce kawai cikin 15,000 ke shiga asusuna. A ta biyu kashi 85 cikin ɗari, daga ta uku kashi 95. Abin da aka yanke a farko shi ne kamashon ejan da kuɗin buɗe fayil. Ban ga laifin ejan ba a kan cin kamasho, sana'arsa ce, kuma ya yi sawu wajen biyar a ofishinmu cikin rana. Abin da na riƙe shi da shi shi ne bai faɗa ba. Tsarin nan an gina shi ne don wanda zai kai ƙarshe. Mai sauka a tsakiyar hanya ya riga ya biya kuɗin mota har tasha.

Yanzu ta dunƙule. Abokin aikina, malamin lissafi, ita yake da ita: alkawarin naira miliyan 3 bayan shekara ashirin. Ya biya shekara shida ya tsaya. A irin wannan babu layukan caji da za ka gani, an dafa su a cikin zubin tun farko. Galibi in ka biya wani adadin shekaru, sau da yawa biyu ko uku, takardar kan ba ka damar daskarar da ita: ba ka ƙara zuba komai, su kuma su rage alkawarin daidai da abin da ka biya. Lissafin da aka saba shi ne shekarun da ka biya bisa shekarun da ya kamata ka biya, a ninka da alkawarin. Nasa shida bisa ashirin na miliyan 3, naira 900,000, a karɓa ranar da wa'adi ya cika. Wasu kamfanonin kuma kan daina ƙara garaɓasar shekara-shekara daga ranar da aka daskarar.

Amma Malam bai nemi a daskarar ba, shiru ya yi kamar ni. A tasa takardar akwai wani sakin layi da ya ce in zubi bai shigo ba, kamfani zai ranta masa kuɗin zubin daga darajar yarjejeniyar, kai-tsaye, ba tare da an tambaye shi ba, da ruwa a kai. Sunan abin taimako ne, don kada kariyar ta yanke wa wanda ya yi mantuwar wata ɗaya. Ga wanda ya tafi shekara biyu kuwa, bashi ne ke taruwa yana haihuwa. Ranar da bashin da ruwansa suka kai darajar abin da ya tara, shi ke nan, an tashi kasuwa. Da na nuna masa layin ya yi shiru, sannan ya ce, "Wato ni da nake gudun bashin banki, ashe ina cin bashi ina barci." Saboda haka in taka ta dunƙule ce, tambayarka ta farko ita ce: akwai rancen kai-tsaye a kaina? Nawa ne yau, ruwansa nawa?

Takaful ba zan daɗe a kai ba. Tun da hukumar NAICOM mai sa ido kan kamfanonin inshora ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013, aka samu kamfanoni irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful, mutanenmu da yawa da ke ƙyamar inshorar gargajiya saboda ruwa suka koma can. Ƙanwata tana ciki. Tsarinsa ya raba gudummawarka: wani kaso ladan wakilci ne na kamfani, wani kaso tabarru'i ne da ke shiga asusun taimakon juna, saura ya shiga asusun jarinka a raba riba bisa mudaraba, wato jari naka, juyawa na kamfani. Tabarru'i kyauta ce, ba ya dawowa a matsayin ajiya. Halaccin tsarin magana ce ta malamai, amma halacci bai hana caji ba. Ka tambaya ko ana ci gaba da cire tabarru'i daga asusun jarinka bayan ka daina bayarwa, kuma har zuwa yaushe.

To, ka gane irin taka. Abu na gaba shi ne ka sa kamfani ya yi magana a rubuce. Kada ka tsaya a wayar ejan. Nawa ya bar aikin tun 2021, yanzu filaye yake sayarwa, kuma ko yana nan, ba shi ne zai biya ka ba. Rubuta wasiƙa zuwa ga shugaban sashen inshorar rai, ka sa lambar folisi, ka yi kwafi biyu, su buga hatimi da kwanan wata a ɗaya ka dawo da ita gida. In imel ne, ka ajiye amsar. Tawa da Turanci na rubuta, amma ga abin da ta ƙunsa, ka juya shi yadda ya dace da kai:

"Ina neman a ba ni, a rubuce, matsayin yarjejeniyata a yau: tana raye, an daskarar, ko ta mutu. A ba ni jerin duk abin da aka cire daga ranar zubina na ƙarshe zuwa yau, wata-wata, kowane caji da sunansa. A faɗa mini nawa zan karɓa a hannu in na janye yau, da nawa in na janye bayan zagayowar ranar yarjejeniya. A faɗa mini abin da za a ci gaba da cirewa in na daskarar, da abin da ake hasashen zai rage a ƙarshen wa'adi. A faɗa mini abin da zan biya in ina so in farfaɗo da ita."

Kalmar "a hannu" tana da muhimmanci. Lambar da ke kan takardar bayanin asusu ba ita ce za ta shiga bankinka ba. Akwai tarar janyewa, abin da suke kira sarenda caj. A tawa kashi 10 cikin ɗari ne a shekara ta shida, wato cikin 634,900 zan fita da 571,000 da 'yan kai. Jadawalin ya nuna yana sauka zuwa kashi 5 a shekara ta bakwai, kuma shekara ta bakwai na farawa ne a Maris, saura wata biyu. Haƙurin wata biyu ya cece mini kusan naira 31,000. Sai dai a kula, wasu kamfanonin ba da kalanda suke ƙirga shekarun ba, da yawan zubin da aka biya suke ƙirgawa. In haka ne taka, agogon ya tsaya ranar da ka tsaya, jira ba zai rage tarar ba, cajin ne kawai zai ci gaba. Ka tambaya ƙarara, ka sa su rubuta.

Da amsar ta zo, sai zaɓi. Ba zan ce ga wanda ya fi ga kowa ba, amma ga yadda na auna.

Farfaɗowa tana yi wa wanda matsalarsa ta ɗan lokaci ce kuma ya kusa ƙarshen wa'adi. Yawanci za a ce ka biya bashin zubin da ya taru, wani lokaci da ruwa, ka kuma cike takardar lafiya, in ta kama a tura ka asibiti. Akwai iyakar lokacin da ake yarda a farfaɗo, yana cikin takardarka. Ni bashin wata goma sha takwas naira 270,000 ne, ba ni da su.

Akwai hanyar tsakiya da ba a cika faɗa wa mutane ba: rage kaya. Kana iya neman a cire ƙarin kariyar da ba ka buƙata, a rage alkawarin da za a ba magada, wanda zai rage kuɗin lamunin rai nan take, a kuma rage zubin zuwa mafi ƙarancin da tsarin ya yarda. Wata malama a makarantarmu haka ta yi, daga 20,000 ta koma 7,000, cajinta na wata ya ragu sosai. Ita tana da hawan jini da ya same ta bayan ta shiga tsarin, kuma na ce mata kada ta kuskura ta janye, don in ta fita ta nemi sabuwar kariya, ko su ƙi ta ko su tsawwala mata. Ga mai ciwo, ko mai shekaru da ƙananan yara, wannan cajin da nake ƙorafi a kai ba asara ba ce, kariya yake saya a farashin lokacin da yake da lafiya.

Daskararwa kuwa, a tsarin mai asusu sai ka bi ta da tambaya: da kariyar rai ko babu? In an cire kariyar, kuɗin lamuni ya tafi, saura na kula da asusu da ladan juyawa. Daga nan lissafi ɗaya ne: ribar da suke ƙarawa ta fi cajin? In ta fi, da nawa? Sai ka ɗora wannan a kan tsadar rayuwa. A Disambar 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Kuɗin da ke tsaye cak a irin wannan shekarar ya rame ko ba a taɓa shi ba. Malamin lissafi da ake cewa zai karɓi 900,000 nan da shekara goma sha wani abu, ya tambayi kansa me za su saya a lokacin. Buhun shinkafa ya ninka a gabanmu cikin shekara ɗaya da rabi.

Kafin ka janye gaba ɗaya, duba ko kana da wata kariyar. Dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa ma'aikatun da ta shafa su yi wa ma'aikatansu inshorar rai ta rukuni, aƙalla ninki uku na albashin shekara. Ka je ofishin ma'aikata ka tambaya ko ana biya da gaske, don abin da doka ta ce daban, abin da ake yi daban. Ni da yake takardun biyan ta hannuna suke bi, na san tamu tana raye, shi ya sa hankalina ya kwanta.

In kamfani ya yi maka kunnen uwar shegu, ko ya ƙi ba ka jerin cajin, ko ka ga an cire abin da babu shi a takardarka, akwai inda ake kai kuka. NAICOM, hukumar da ke sa ido kan kamfanonin inshora tun 1997, tana da sashen karɓar ƙorafi, hedikwatarta a Abuja. Abin da za su fara tambayarka shi ne ko ka rubuta wa kamfanin, a nan ne kwafin nan mai hatimi zai yi maka rana. Haɗa shi da kwafin folisi da shaidar zubi daga banki. Amma ka san abin da kake nema. In cajin yana rubuce kuma ka sa hannu, da wuya a dawo maka da shi. Abin da ake iya ƙwatowa shi ne wanda aka cire ba bisa takarda ba, ko kuɗin janyewar da aka riƙe ana ja maka rai. Ni a kan ƙarin kariyar nan ta naira 600 na yi gardama, na ce a nuno inda na nema. Ba su dawo da na baya ba, amma sun tsayar da ita a watan, ban kuma bi ta ba, don kuɗin motar zirga-zirgar zai kusa cinye abin da nake nema.

Abu biyu ƙanana da suka kusa ɓata mini lokaci: sunan da ke folisi dole ya dace da na asusun banki da na katin ɗan ƙasa. Nawa an rubuta sunan mahaifina da harafi ɗaya daban, sai da na yi takardar rantsuwa. Sannan za su nemi ainihin takardar folisi su riƙe, don haka ka ɗauki hoton kowane shafi kafin ka miƙa.

Na shigar da takardar janyewa a makon farko na Maris 2025. Sati biyar ana cewa "yana kan tebur ɗin oga". Ranar wata Laraba, ina tsakiyar rubuta rasit ɗin kuɗin makaranta, alat ya shigo: naira 602,000 da ɗan ɗoriya. Na zuba 795,000. Uwargida ta karɓi wayar ta duba, ta ce, "Malam, da adashenmu ka shiga, da ko sisi ba ta yi ciwon kai ba." Na ce mata adashe ba ya biyan marayu miliyan biyu in mai zubi ya mutu a wata na uku. Ta ce ai ban mutu ba. Rabin kuɗin na biya wa 'yata kuɗin rajistar jarrabawa da na zangon ƙarshe, sauran na sa a kofaratif ɗin ma'aikata, inda littafin ke kan teburina kuma ni nake rubuta abin da aka cire.